A Gaishe Da Masu Gardamar Wace Jami'a Ta Fi

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawa, ko wata mujallar Ingila ta fitar da jerin gwanon jami'o'in duniya, sai wata runduna ta miƙe tsaye a ƙasar nan. Babu mai biyansu, babu wanda ya aike su. Aikinsu guda ne, su tabbatar wa duniya cewa jami'ar da suka yi ta fi ta kowa. Za ka same su a majalisar bakin titi, a ofis, a wurin ɗaurin aure, da zauren WhatsApp na 'yan aji ɗaya. A cikinsu akwai tsofaffin gwamnoni da sanatoci da manyan sakatarori da masu bankuna. Sun daɗe a kan wannan hidima ba wanda ya ce musu sannu. To, ranku ya daɗe, sannunku da aiki. Kun kyauta.

Kowa da kirarin tasa. Ɗan Ibadan zai tuna maka cewa tun 1948 aka buɗe tasu a matsayin kwaleji ƙarƙashin Jami'ar Landan, kuma ta nan Chinua Achebe da Wole Soyinka suka bi. Ɗan Nsukka ya ce su Azikiwe ne suka kafa tasu a 1960, kuma digirinta na ƙashin kanta ne tun ranar farko, ba ta jingina da Turawa ba. Ɗan Ife ya ce a je a ga harabarsu tukuna, sannan a dawo a yi magana. Ɗan Legas ya nuna maka Akoka a bakin ruwa, kamfanoni da bankuna na ƙofar gida. Shi kuwa ɗan ABU ba ya gaggawa. Zai gyara zama ya fara lissafi daga 1962: Samaru, Kongo, Shika, ɗakin karatu na Kashim Ibrahim, cibiyar binciken aikin gona, sannan ya ɗora maka da tsohon shugaban ƙasa Umaru Musa 'Yar'aduwa, da tsofaffin mataimakan shugaban ƙasa biyu, Atiku Abubakar da Namadi Sambo, da gwamnoni da ministocin da sai an gaji da ƙirga. Ɗan Bayero ya ce Larabci da Hausa da aikin jarida sai a Kano. Ɗan Ɗanfodiyo ya ce zaman lafiya sai a Sakkwato. Ɗan Maiduguri ya ce sun yi karatu ana jin ƙarar bam, ba su gudu ba.

Abin da ya fi burge ni da ku shi ne ba ku cika yin ƙarya ba. Kusan duk abin da kuka lissafa ya faru. Sai dai mafi yawansa ya faru ne kafin a haifi ɗaliban da ke cike da azuzuwan yau, wani ma kafin a haifi iyayensu. An ce da tsohuwar zuma ake magani, ku kuwa kun nuna cewa ana iya shekara hamsin ana lasar ta ba tare da an ɗora amya ko ɗaya ba. Wannan gwaninta ce, ba kowace al'umma ke da ita ba.

Amma babban aikin da ya kamata a yi muku jinjina a kansa shi ne gyaran da kuka yi wa wani kuskure na mutanen da. Su waɗancan, Allah ya jiƙansu, sun ɗauka cewa jami'a wuri ne da ake tara mutane daga ko'ina. Sardauna da kansa, da duk kishin Arewan da aka san shi da shi, bai ga laifi ba a danƙa sabuwar jami'arsa a hannun Norman Alexander, mutumin ƙasar New Zealand. Wanda ya gaje shi a 1966, Ishaya Audu, likita ne Kirista daga ƙasar Zazzau, ya kuma riƙe ta har 1975. Sashen tarihin da ABU ke alfahari da shi, wanda ya fitar da Yusufu Bala Usman, Bature ne ya assasa shi, Abdullahi Smith, wanda ya taso daga Ibadan ya zo Zariya, kuma shi ne ya kafa Gidan Arewa a Kaduna. Patrick Wilmot, wanda ya koyar da ilimin zamantakewa a Samaru har sojoji suka kore shi daga ƙasar a 1988, ɗan Jamaika ne. Matasan nan da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da daga baya ta narke cikin ABU, waɗanda suka sauya fuskar zanen Najeriya baki ɗaya, su ne irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, dukkansu 'yan Kudu. Donald Duke ya bar Kalaba ya zo Zariya ya karanta shari'a, ya koma ya yi gwamnan Kuros Riba.

A can Kudu ma haka suka yi ta wannan ganganci. Ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Ibadan, a tsakiyar ƙasar Yarabawa, Kenneth Dike ne, ɗan ƙabilar Ibo. Shugaban farko na Jami'ar Legas, Eni Njoku, shi ma Ibo ne. A wajajen 1978 gwamnatin soja ta ƙara dagula lissafi: aka kai Umaru Shehu, mutumin Borno, ya shugabanci Nsukka, aka kawo Oladipo Akinkugbe daga Ilorin zuwa ABU, aka ba James Ezeilo Jami'ar Bayero, Adamu Baikie ya tafi Benin ya yi shekaru, Cyril Onwumechili ya riƙe Ife. Ba duka suka ji daɗin zaman ba, wasu shekara guda suka yi suka tattara. Tun a 1965 ma an yi rikici a Legas kan sauke Njoku da naɗa Saburi Biobaku, wato cutar ƙabilanci ta daɗe a jiki. Duk da haka, sunan nan da kuke yawo da shi yau, a wancan zamanin na cakuɗa aka yi shi, kuma waɗancan baƙin suna cikin waɗanda suka yi shi.

Madalla da ku da kuka kawo ƙarshen wannan. A watan Maris na 2022 aka naɗa Farfesa Adebayo Bamire shugaban Jami'ar Obafemi Awolowo. Bayarabe ne, ɗan jihar Osun ne, malamin jami'ar ne. Duk da haka wasu mutanen garin Ife suka shiga harabar da layu da kayan tsafi suna zanga-zanga, don shi ba ɗan asalin garin ba ne. Jami'ar tarayya ce, ana biyan albashinta da kuɗin mutumin Daura da na mutumin Yenagoa, amma an kai matsayin da jiha ɗaya ma ta yi faɗi, sai an tambayi unguwa. Kafin wani ɗan Arewa ya yi dariya, ya tuna cewa mu namu ba ya bukatar zanga-zanga. A cikin ɗaki ake gama shi, cikin ladabi, a tambayi jihar mutum da ƙaramar hukumarsa da addininsa, wani lokaci har da ɗarikarsa, kafin a buɗe takardunsa. Mu ma a yaba mana, mun fi iya rufin asiri.

Haka aka gyara ɓangaren ɗalibai. Tsarin ba da gurbin karatu a jami'o'in tarayya ya kasa guraben gida uku: kashi 45 cikin ɗari ga waɗanda suka fi maki, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, waɗanda suka haɗa da yawancin jihohin Arewa da wasu na Kudu irin su Ebonyi da Bayelsa. A nan zan faɗi magana kai tsaye. Wannan tsari yana da hujja, kuma yara da yawa daga Zamfara da Yobe da Jigawa sun ga ƙofar jami'a ne ta dalilinsa. Amma an yi shi ne a matsayin tallafi kafin a gyara firamare da sakandare a jihohin, kuma gwamnoninmu, waɗanda yawancinsu tsofaffin ɗaliban manyan jami'o'in nan ne, sun shafe shekara arba'in suna kare kason da ƙarfinsu, suka bar makarantun da za su sa a daina bukatarsa. Su ma a ce musu an gode.

Ga sakamakon. Yau za a iya haifar yaro a Kano, ya yi firamare da sakandare a Kano, ya yi digiri na farko da na biyu da na uku a Jami'ar Bayero, a ɗauke shi aiki a sashen da ya yaye shi, ya zama farfesa, ya yi ritaya, bai taɓa zama aji ɗaya da wanda zai ƙalubalanci abin da aka ɗora shi a kai tun yana ƙarami ba. Takwaransa na Ibadan ko na Nsukka ma haka. Kun raba su da wahalar kwana ɗaki ɗaya da wanda ba yarensu ɗaya ba, da wahalar gano cewa wanda aka ce musu maƙiyi ne mutum ne mai ba da aron littafi. Shi kuma yaron Funtuwa da ke gaban kwamfuta yana cike fom ɗin JAMB, kada ku ɗauka kirarinku yake aunawa. Yana lissafin kuɗin mota, da ko akwai kawunsa a garin da zai ba shi wurin kwana, da ko hanyar ana ɗibar mutane. Uwar da ta ji labarin 'yan matan Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka sace daga gidajen kwanansu a Satumban 2023, da na Dutsin-Ma a wata mai bi masa, ba za ta tura 'yarta Fatakwal don neman suna ba. Ta kusa da gida ma da addu'a take sallamarta. Idan aka ƙirga masu neman kowace jami'a aka ga 'yan yankin ne suka cika ta, sai ku buga ƙirji ku ce farin jini ne. Talauci da tsoro ne suka zana wannan taswirar, ku kuka raɗa mata suna mai daɗi.

A wannan gaɓar dole a raba yabon da gwamnatocin tarayya, don sun yi ƙoƙarin sasanta ku. Sun ga gardamar ta yi tsawo, sai suka bi hanyar adalci, suka daidaita jami'o'in gaba ɗaya. A 2012 kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya zagaya jami'o'in gwamnati ya dawo da rahoto mai hotuna: ɗakunan gwaje-gwaje da ake kunna risho a madadin murhun gas na kimiyya, ɗalibai na karanta gwaji a allo ba su taɓa yin sa da hannu ba, zaurukan lakca da suka cika har tagogi, ɗakunan kwana da babu bayan gida mai aiki, kuma ƙasa da rabin malaman ne ke da digiri na uku. Rahoton bai ware Arewa ko Kudu ba. A ƙarshen 2013, bayan yajin aikin wata biyar da 'yan kai, gwamnati ta sa hannu cewa za ta zuba naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida don farfaɗo da su. An ba da kason farko, sauran kuma aka bar shi ya zama abin da ake yajin aiki a kansa shekara da shekaru. Da aka ƙara kuɗin lantarki a 2024, manyan jami'o'in suka yi ta kukan ba za su iya biya ba, daga Zariya har Legas. Ɗaliban Benin suka tare babbar hanya saboda duhu. Asibitin koyarwa na Ibadan, wanda likitocin ƙasar nan ke kira uwa, ya shafe sama da kwana 100 a yanke daga layin wuta, daga ƙarshen 2024 zuwa farkon 2025, marasa lafiya na kwance a ciki. Wanne daidaito ne ya wuce wannan?

Ku dubi Ilorin, don ita ce ta tona asirin abin da suna ya koma. Shekaru da dama a jere ita ce jami'ar da masu rubuta JAMB suka fi zaɓa a duk ƙasar. Ba ta kai Ibadan tsufa ba, ba ta kai ABU girma ba, ba ta da bakin ruwan Akoka. Abin da take da shi kalanda ce. Bayan an kori malamanta 49 a 2001, waɗanda sai a 2009 Kotun Ƙoli ta mayar da su, jami'ar ta shafe kusan shekara ashirin ba ta shiga yajin aikin ASUU. Iyaye suka gane cewa a can digirin shekara huɗu shekara huɗu ne, sai suka yi tururuwa. Wato a ƙasar da kuke gardamar wa ya fi fitar da gwanaye, babban abin da talaka ke nema daga jami'a shi ne ta kasance a buɗe. Kun sauƙaƙa ma'aunin har ya kai nan, kuma ba ku daina tafi ba.

Jerin gwanon duniya kuwa, nan ne basirarku ta fi fitowa. Idan mujallar Times Higher Education ta saki nata, babu mai duba saman takardar, inda Jami'ar Cape Town ta Afirka ta Kudu ke zaune cikin 200 na farko, wurin da babu jami'ar Najeriya ko ɗaya da ta taɓa leƙawa. Can ƙasa ake gangarawa a nemo namu, a ga wa ya ɗara wa, a buga a Facebook da manyan baƙaƙe: ta ɗaya a Arewa, ta biyu a Najeriya. A wasu shekarun ma Covenant, jami'ar coci mai zaman kanta da aka buɗe a 2002, ita ke gaban iyayen gidan duka. Wannan ba ya hana bikin. Kun zama kamar magadan da rufin gidan ubansu ke yoyo, suna tsaye a zaure suna musun wanda allon ƙofarsa ya fi ƙyalli.

Kuma an lura da yadda kuke kishin allon. A 2012 shugaba Jonathan ya sanar da mayar da sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola; ɗalibai suka tare gada, tsofaffin ɗalibai suka garzaya kotu, maganar ta mutu. A 2025 aka ce Jami'ar Maiduguri ta koma sunan Muhammadu Buhari, nan take aka fara tara sa hannu ana rubuce-rubuce. Ban ce ba ku da hujja ba. Ina yaba saurin ne kawai. Sunan da aka taɓa yana tashe ku cikin kwana ɗaya, amma farfesan da ya sayar da littattafansa ko ya koma kabu-kabu da motarsa a lokacin yajin aiki, da matashin malamin da ya tattara ya tafi Saudiyya ko Kanada ko Afirka ta Kudu ya bar sashe da mutum uku, waɗannan ba su kai a ɓata musu tawada ba. Gwamnati ma ta fahimci abin da kuke so. Tsakanin 2011 da 2013 kaɗai an ƙirƙiro sababbin jami'o'in tarayya 12, daga Dutse da Kashere har Otuoke, aka ci gaba da ƙari har sai da ita gwamnatin da kanta ta dakatar da kafa sababbi na shekara bakwai a 2025. Kowane sanata na son a ce ya kawo wa garinsu jami'a. Kuɗin da bai ishi tsofaffin ba aka yi ta gutsurawa, kowa ya samu allo.

Akwai tsofaffin ɗaliban da suka yi abin kirki, suka biya wa marayu kuɗin rajista a ɓoye lokacin da aka ninka shi a 2023, suka gyara ɗakin karatu, suka sayi kayan aiki. Allah ya saka musu, kuma ba da su nake ba. Amma ya kamata masu kirarin Samaru su tuna cewa gidajen kwanan ɗalibai da Aliko Ɗangote ya gina wa ABU, mutumin da ya yi karatu a Azhar ne ya gina su, kuma naira biliyan ɗai-ɗai da Abdussamad Rabi'u ya raba wa wasu manyan jami'o'i a 2021 ta fito ne daga hannun wanda ya yi nasa karatun a Amurka. Ku da aka ciyar da ku sau uku a rana, aka wanke muku kaya, aka ba ku ɗaki na mutum biyu, aka miƙa muku takardar aiki kafin ku gama jarrabawa, kun biya da taron cin abinci na shekara-shekara da hula mai tambarin makaranta.

Saura kuma babbar shaidar ƙaunarku, wato inda kuka kai 'ya'yanku. Jami'ar da ta fi ta kowa kun bar wa 'ya'yan talakawa ita, ku kuka haƙura da Ingila da Dubai da Malesiya da Kanada. Wannan sadaukarwa ce. Masu matsakaicin hali suka bi sahunku gwargwadon aljihu, suka nufi Sudan da Yukren da Cyprus da Maraɗi da Kwatano. Yaƙi ya koro na Yukren a 2022, ya koro na Khartoum a 2023, aka ga yaranmu a hamada suna jiran mota a kan iyakar Masar. A ƙarshen 2023 wani ɗan jarida ya nuna cewa ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Babu ɗaya daga cikin waɗannan yaran da ya tafi don bai ji kirarin ABU ko na Ibadan ba. Sun ji sarai. Guraben ne ba su isa ba, a ƙasar da kusan mutum miliyan biyu ke rubuta JAMB a shekara, kuma wanda ya samu bai san ranar fitarsa ba.

Idan kuma har yanzu ana son a raba gardamar, a duba 2022. Ranar 14 ga Fabrairu malamai suka rufe azuzuwa, ba a buɗe ba sai 14 ga Oktoba, bayan kotu ta tilasta musu komawa, an kuma riƙe albashinsu. Wannan ya biyo bayan na wata tara a 2020, wanda ya haɗu da kullen korona. A cikin waɗannan watanni takwas Majalisar Wakilai ta yi watsi da ƙudirin da ke neman taƙaita wa masu riƙe da muƙamai kai 'ya'yansu karatu waje. Hotunan bikin yaye 'ya'yan manya a ƙasashen Turawa suka yi ta yawo a waya, yaran da ke zaune a gida suna kallo. Wasu sun koma acaɓa, wasu an yi musu aure, wasu ba su sake komawa aji ba har yau. Kakakin majalisar na lokacin, Femi Gbajabiamila, wanda ya sa hotonsa yana ɗaukar darasi a Harvard har sai da ya fito ya ba da haƙuri, Jami'ar Legas ce ta yaye shi. Ministan ilimi na lokacin Adamu Adamu ɗan ABU ne. Ministar kuɗi ta lokacin Zainab Ahmed 'yar ABU ce. Ministan ƙwadago na lokacin Chris Ngige, wanda ya kai malaman kotu, a Jami'ar Nsukka ya zama likita. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo ya yi karatu a Akoka, ya koyar a can har ya zama farfesa. Kowace babbar jami'a ta aiko da wakilinta teburin, Arewa da Gabas da Yamma, kuma a gabansu ƙofofin suka yi wata takwas a garƙame.